Ƙarfe, Tuwo da Agogo: Yaushe Mai Ɗaga Ƙarfe Zai Ci Abinci a Daura?

A Daura rana ce ke tsara wa mai ɗaga ƙarfe lokacinsa. Daga watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi kan kai digiri 40 har ya ɗara, babu mai hankalin da zai kwanta ƙarƙashin ƙarfe da azahar. Shi ya sa samarin da suka rungumi wannan harka suka kasu gida biyu. Akwai 'yan asuba, waɗanda da an sallame salla sai su nufi wurin atisaye ciki ba komai. Akwai kuma 'yan yamma, masu jiran rana ta yi sanyi bayan la'asar, su yi ta fama har a kira magariba.

Kayan aikin ma na gida ne galibi. Siminti ne aka zuba a gwangwanin fenti guda biyu aka soka rodi a tsakiya, ko tsohon ƙarfen injin mota da mai walda ya liƙa wa bututu, sai benci na katako. Mai ɗan hali ko ɗalibin da ya zo karatu daga wani gari shi ne kan nemi gidan motsa jiki mai injuna. Amma ko a wane irin wuri mutum yake ɗagawa, wayar da ke aljihunsa iri ɗaya ce, kuma ta cikinta ne wata magana ta shigo ta zauna daram a bakin samari: wai da zarar ka ajiye ƙarfe, minti 30 kawai gare ka. In ka zuba wa jiki sukari da abinci mai gina jiki a cikin wannan ɗan lokaci, tsoka ta hau. In ka bari ya wuce, wahalar ranar ta tafi a banza.

Maganar tana da daɗin ji, musamman ga mai sayar da garin ƙarin kuzari na gwangwani, wanda kuɗin guda ɗaya zai iya sayen hatsin da zai riƙe ƙaramin gida kwanaki. Ta ƙara samun gindin zama tun da Samson Dauda, haifaffen Legas mazaunin Ingila, ya lashe gasar Mr. Olympia a birnin Las Vegas a watan Oktoban 2024. Yaro ya ga ɗan Najeriya da ƙirar Samudawa, ya ga bidiyon irin waɗannan zaratan suna auna shinkafa da sikeli suna duba agogo, sai ya ɗauka asirin yana cikin agogon. Abin da masu bincike suka gano a shekaru 60 da suka wuce ya fi haka sauƙi, kuma ya fi dacewa da tukunyar gidan Bahaushe.

Inda sitaci yake zuwa

Gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali, burodi, taliya, rake, dabino: duk danginsu ɗaya, abin da likitoci ke kira kabohaidiret, mu kuma mu ce sitaci da sukari. In sun shiga ciki sai su narke su koma sukarin jini. Wanda jiki bai ƙona nan take ba, sai ya adana shi a matsayin wani sinadari mai suna gilaikojin. Hantar babban mutum kan riƙe gram 80 zuwa 100, tsokokin jikinsa kuma wajen gram 400, ko fiye in ƙaƙƙarfa ne.

Abin ya yi kama da rumbunan gidan gandu. Na hanta shi ne rumbun maigida, wanda ake ɗiba a ciyar da kowa, musamman ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake raguwa sosai cikin dare ko da mutum barci kawai ya yi. Na tsoka kuwa kowace da nata, kuma ba ta ba maƙwabciya ko ƙwaya. Abin da cinya ta tara, cinya ce za ta ci. Damtse ba zai samu ba.

Wasu likitoci biyu 'yan ƙasar Suwidin, Jonas Bergström da Eric Hultman, su ne suka fito da wannan fili a 1966, ta wata hanya mai ban dariya. Sun sa keke ɗaya a tsakaninsu, wannan ya zauna ta dama yana tuƙawa da ƙafa ɗaya, wancan ta hagu shi ma da ƙafa ɗaya, har suka gaji liƙis. Daga nan suka yi kwana uku suna cin abinci mai yawan sitaci, suna ciro ɗan ƙwalli na tsokar cinyoyinsu da allura suna aunawa. Ƙafar da ta yi aiki ta cika ta tumbatsa har ta wuce yadda take a da, wadda ta huta kuwa ba ta canja wani abin kirki ba. Ma'ana, tsokar da aka wahalar ta fi kowace ƙishin sukari.

Asalin maganar minti 30

A 1988 John Ivy na Jami'ar Texas da ke Austin ya ɗauki 'yan tseren keke 12, ya sa su tuƙi na minti 70. Wani zubin ya ba su ruwan sukari da saukarsu, wani zubin ya jinkirta sa'o'i 2. Ya tarar jinkirin ya rage saurin cika tsoka da kusan rabi. Wannan gaskiya ne, kuma har yau babu mai musunsa. A 2004 Ivy da Robert Portman suka fitar da littafi a kan tsara lokacin cin abinci ga 'yan wasa, kamfanonin garin gwangwani kuma suka ɗauki zancen suka yi ta buga masa ganga.

Sai dai akwai abubuwa biyu da tallar ba ta faɗa. Na farko, sauri aka auna, ba inda aka tsaya ba. A 1997 wasu masu bincike a Ostareliya, Parkin da abokan aikinsa, sun sake gwajin amma suka ƙara haƙuri. Bayan sa'o'i 8, da kuma bayan sa'o'i 24, wanda ya ci nan take da wanda ya jinkirta sa'o'i 2 duk sun cika daidai wa daida, muddin abin da suka ci a yinin ɗaya ne. Na biyu, ɗan tseren keke daban, mai ɗaga ƙarfe daban. Gwaje-gwajen da aka yi a kan masu ɗaga ƙarfe sun nuna atisaye na yau da kullum kan cinye kashi 24 zuwa 40 cikin ɗari ne kawai na abin da tsokar da aka yi aiki da ita ta tara. Saurayin da ya yi ƙirji da damtse ranar Litinin, ba zai koma musu ba sai Laraba ko Alhamis, gaggawar me yake yi? Tuwon dare biyu na tsakani.

To ginin tsokar fa? An daɗe ana cewa sukari yana ta da sinadarin insulin, insulin kuma yana tura abinci cikin tsoka. A 2011, a ɗakin binciken Stuart Phillips na Jami'ar McMaster a Kanada, an ba matasa gram 25 na furotin, wato abinci mai gina jiki, bayan atisaye, wani zubin shi kaɗai, wani zubin haɗe da gram 50 na sukari. Insulin ya tashi sosai a zubi na biyu, amma ginin tsoka bai ƙaru ba. Ɗan insulin ɗin da furotin kaɗai ke tayarwa ya wadatar. Shekaru biyu bayan haka Alan Aragon da Brad Schoenfeld suka tattara binciken da aka yi a kan batun, suka ce damar cin abinci bayan atisaye ba ta minti 30 kawai ba ce. Abin lura shi ne kada tazarar da ke tsakanin abincin kafin atisaye da na bayansa ta wuce sa'o'i 3 zuwa 4, ko 5 zuwa 6 in abincin farkon mai nauyi ne.

A lissafin Daura, wanda ya ci shinkafa da wake da ƙarfe 2 na rana, ya ɗaga ƙarfe da ƙarfe 5, ya ci tuwo bayan magariba, ya riga ya cika wannan sharaɗi ba tare da ya taɓa jin sunan Aragon ba.

Tuwo yana da nasa agogon

Kusan duk waɗannan gwaje-gwaje da ruwan sukari ko abincin Turawa aka yi su. Wanda ya fi kusa da mu an yi shi ne a Bamako, aka buga a 2018. Fatimata Cisse da abokan aikinta, tare da Jami'ar Purdue ta Amurka, sun auna tsawon lokacin da abinci iri-iri ke ɗauka kafin ya bar tumbi. Shinkafa, dankalin Turawa da taliya, rabinsu kan wuce cikin ƙasa da sa'o'i 3. Tuwon gero, tuwon dawa da dambun gero kuwa kafin rabinsu ya wuce sai an kai wajen sa'o'i 5, kusan ninki biyu ke nan. Manomin Sandamu ko Ɓaure da ke cewa shinkafa ba ta riƙe ciki bai yi ƙarya ba. A 2021 kuma wani nazari da masu binciken cibiyar ICRISAT suka jagoranta, cibiyar da ke da ofis a Kano da tashar gwaji a Sadore kusa da Yamai, ya nuna gero da danginsa ba sa ta da sukarin jini da sauri kamar farar shinkafa da fulawa.

Nan ne maganar lokaci take da amfani na gaske ga mutumin Daura, kuma ta gaban atisaye ce, ba ta baya ba. Wanda ya narki malmala biyu ta tuwon dawa da miyar kuka, bayan sa'a ɗaya ya je zai tsuguna da ƙarfe a kafaɗa, zai ji nauyin ciki, ƙwarnafi, wani lokacin har tashin zuciya. Tuwo na bukatar a ba shi sa'o'i 3 ko 4. Shinkafa ko taliya sa'o'i 2 zuwa 3 sun isa. In sauran sa'a ɗaya ko ƙasa da haka, sai a koma ga abin sha da abu mara nauyi: kofin koko, kunu, fura da aka dama da ruwa-ruwa, ayaba ɗaya, ko dabino uku, waɗanda ke ɗauke da gram 15 zuwa 20 na sukari. Ƙosai da waina da ɗanwaken da ya sha mai, daɗinsu daban, amma maiƙo yana jinkirta narkewar abinci, don haka sun fi kyau bayan an gama.

Fura da nono ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Gero ne dafaffe, ga sitaci. Nono ne, ga furotin, wajen gram 8 a kofi guda in ba a tsinka shi da ruwa ba. Ga kuma ruwan da jiki ya zubar ta gumi. Haɗin da kamfanoni ke zubawa a gwangwani su rubuta masa suna da Turanci, Fulanin karkarar Daura sun daɗe suna kawo irinsa kasuwa a ƙwarya. Inda ake ɓata ta shi ne wurin sukari. Cokali huɗu, biyar, har mai damawa ta ce ya isa.

'Yan asuba

Su ne suka fi kowa bukatar duba agogo. Mutumin da ya ci tuwo da ƙarfe 8 na dare ya fito atisaye da ƙarfe 6 na safe ya yi sa'o'i 10 bai sa komai a baki ba. Abin da ke tsokarsa yana nan, amma na hanta ya ja baya. Wani nazari da Andrew King da abokan aikinsa a Nuzilan suka buga a 2022, wanda ya haɗa gwaje-gwaje da dama, ya nuna shan sitaci kafin ɗaga ƙarfe ko a tsakiyarsa yana taimakawa ne musamman a hali biyu: in an yi sa'o'i 8 ko fiye ba a ci ba, ko kuma in atisayen ya wuce minti 45.

A Jami'ar Loughborough ta Ingila ma an gwada wannan a 2019. Mazan da suka saba karin kumallo, ranar da aka hana su, yawan tsugunnon da suka iya yi da ƙarfe ya ragu da kashi 15 cikin ɗari. Amma abin da ya biyo baya a 2020 ya fi jan hankali. An dama wani abu mai kauri wanda kusan babu kuzari a cikinsa, aka ba su a matsayin karin kumallo ba su sani ba. Sai ga shi sun yi ƙoƙari daidai da waɗanda suka ci na gaske, kuma duka biyun sun fi waɗanda suka sha ruwa zalla. Wato wani kaso mai tsoka na raunin safiya jin yunwa ne, ba ƙarewar mai ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma da alama ko kaɗan ne ya isa a fara ja. Kofin koko ko 'yan dabino kafin a fita sun wadatar. Ɗumame da shayi da ƙwai su jira a dawo.

Wanda kuma ya saba ɗagawa ciki ba komai, bai jin jiri, ƙarfinsa na ƙaruwa wata bayan wata, babu dalilin da zai sa ya canja. Shi dai kada ya wuce wurin aiki ko aji haka nan har azahar, don a wurinsa ne tazarar take yin tsawo da yawa.

Waɗanda gaggawar ta shafa

Binciken Ivy bai mutu ba, masu shi ne daban. Ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin likitocin wasanni da masana abinci na Amurka da Kanada suka fitar a 2016 ta ce in tazarar da ke tsakanin aiki mai tsanani biyu ba ta kai sa'o'i 8 ba, a fara cin sitaci da wuri, wajen gram 1 ga kowane kilo na nauyin jiki a kowace sa'a, har tsawon sa'o'i 4 na farko.

Su wa ke nan a ƙasar Daura? Ɗan ƙwallon da ya yi gudu da safe zai buga wasa da yamma. Ɗan kokawar da zai kama yau da safe ya sake kamawa da la'asar, kamar yadda ake yi a gasar Takobi ta Jamhuriyar Nijar, wadda aka fara a 1975, inda jihohi takwas, ciki har da Damagaram da Maraɗi maƙwabtan Daura, ke kawo 'yan kokawa goma-goma a yi kwanaki ana fafatawa. Ɗan damben da ke bin garuruwa da kaka, ko na Kudu ne ko na Arewa ko Guramaɗa, yana atisaye da safe yana shiga fage da yamma.

Sai kuma wani rukuni da littattafan Turawa ba su san da shi ba, alhali shi ne mafi yawa a nan. Binciken can ya ɗauka mai ɗaga ƙarfe ma'aikacin ofis ne ko ɗalibi, wanda ya yini a kujera. A Daura kuwa sau da yawa birkila ne da ya yini yana miƙa bulo, ko ɗan dakon da ke lodin buhuna a kasuwar Mai'aduwa, ko lebura a aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021. Da damina kusan kowa manomi ne, kuma wanda ya yi noma daga hantsi zuwa azahar ya riga ya yi atisayen baya da kafaɗa da cinya. Irin wannan mutum in zai je wurin ƙarfe da yamma, dole ya ci abin kirki a tsakani, kuma ya sha ruwa sosai. In bai yi ba, ba rashin hawan tsoka kaɗai zai gani ba, ramewa zai yi, ya yi ta mamakin inda wahalarsa ke tafiya. Gaskiya ma, a makonnin noman farko da maimai, rage kwanakin ƙarfe ya fi ƙara kwanon tuwo hikima.

Azumi

Da watan Ramadan ya kama, tsarin 'yan asuba da 'yan yamma duk sai ya wargaje. A shekarun nan azumin yana faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Afrilu, yana kutsawa cikin bazara, kuma yinin kan kai sa'o'i 13 zuwa 14.

An yi bincike a kan wannan takamaimai a Tunisiya, aka buga a 2013. Khaled Trabelsi da abokan aikinsa sun raba masu gina jiki 16 gida biyu. Takwas suna atisaye da yamma da azumi a bakinsu, takwas da dare bayan sun sha ruwa sun ci abinci. A ƙarshen wata ba a ga bambanci tsakaninsu ba, ko a nauyi ko a yawan tsoka da kitse. Abin da aka gani shi ne alamun ƙarancin ruwa a jiki. Mutum 16 ba su da yawa, amma sakamakon ya yi daidai da sauran abin da aka sani: wanda ya ci isasshe tsakanin magariba da asuba ba zai zube ba.

Saboda haka zaɓin lokaci a azumi maganar zafi da ƙishirwa ce fiye da maganar tsoka. Wanda ya nace sai kafin buɗa-baki, ya taƙaita, ya rage nauyi, ya sa ƙarshen atisayen ya zo dab da kiran salla. Wanda ke son ɗaga mai nauyi, ya buɗe baki da dabino da ruwa da kunu, ya ɗan taɓa abu mara nauyi, ya yi atisaye bayan asham, sannan ya zauna wa babban abincin. Da sahur kuwa jinkirin tuwon gero da ake gudu kafin atisaye shi ne ya zama abin nema.

Masu yaƙi da tumbi

Ba kowa ke neman ƙwanji ba. Akwai magidancin da shekaru da zaman shago suka fito masa da teɓa, akwai matan da ke motsa jiki a cikin gida, kuma a wurinsu ne camfe-camfen lokaci suka fi yawa. Wannan ya ce kada a ci tuwo bayan magariba. Wancan ya ce a'a, a bar sitaci duk yini sai dare. Wani ya ce a yi gudu kafin a karya, kitse zai narke.

An gwada na ƙarshen. A 2014 Schoenfeld ya ɗauki mata 20, ya rage musu abinci daidai wa daida, rabi suna motsa jiki kafin su karya, rabi bayan sun karya, na tsawon mako 4. Duka sun rage kitse, kuma babu wadda ta fi wata. Gaskiya ne jiki ya fi ƙona kitse a lokacin gudun in ciki ba komai, amma yana ramawa a sauran yinin. A kan rage sitaci kuma, Christopher Gardner na Jami'ar Stanford ya bi mutum 609 shekara guda, ya buga sakamakon a 2018. Masu rage maiƙo sun sauke kilo 5.3 a matsakaici, masu rage sitaci kilo 6, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Abin da ke sauke tumbi shi ne abin da ke shiga ya gaza abin da jiki ke ƙonawa, mako bayan mako.

To me ya sa wanda ya daina cin tuwo yake ganin kilo 2 sun tafi cikin mako ɗaya? Saboda kowane gram na gilaikojin yana riƙe da wajen gram 3 na ruwa. In ajiyar ta ragu, ruwan ya bi fitsari. Ranar da aka koma wa tuwo sai ga shi ya dawo, mutum ya ɗora wa tuwo laifin da ba nasa ba.

Duk da haka, mai rage abinci yana da wata dabara ta lokaci da ke da ma'ana. Tunda sitacin da zai ci a yini ya ragu, gara ya ajiye kaso mai yawa kusa da atisaye, kafinsa da bayansa, don ya samu ƙarfin ɗaga nauyin da ya saba. Wannan nauyin shi ne ke sanar da jiki cewa tsokar tana da aiki, kada a taɓa ta, a ci kitse. In za a yi ragi, ba daga tuwo ya kamata a fara ba. Kwalbar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukarin da ya kai gram 50, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 babban mutum ya sha a yini guda. Ƙara da shayin mai shayi, zoɓo, da lemon malt da samari da yawa ke haɗawa da madarar gwangwani suna cewa ƙarin jini ne. Harajin naira 10 a kowace lita da dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora wa lemon kwalba bai hana kowa sha ba.

Nawa, kafin yaushe

Masana abincin 'yan wasa kan ba masu ɗaga ƙarfe shawarar gram 4 zuwa 7 na sitaci ga kowane kilo na nauyin jiki a yini. Ga saurayi mai kilo 70, gram 280 zuwa 490 ke nan. A garin da ake karyawa da koko, a ci shinkafa ko dambu da rana, a sha fura, a kwana da tuwo, cika wannan adadi ba aiki ba ne. Ɗanyen gero kusan kashi 70 cikin ɗari sitaci ne.

Giɓin yana wani wuri. Wani babban nazari na 2018 da Robert Morton ya jagoranta, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 49, ya nuna ginin tsoka yana ƙaruwa da yawan furotin har zuwa wajen gram 1.6 ga kowane kilo a yini. Ga mai kilo 70, gram 112. Ƙwai ɗaya gram 6 ne. Gram 100 na ɗanyen wake yana ba da wajen 23, dafaffen jan nama kuma wajen 25. Duk wanda ya zauna ya yi wannan lissafi da kwanon gidansu zai ga inda matsalar take, kuma zai ga cewa saurayin da ke ruga wa mai shago ya sayi lemo kafin minti 30 su cika yana ƙara abin da ya riga ya ishe shi ne, ya bar abin da ya rasa. Kuɗin kwalbar nan da ya ba mai awara, ko ya sayi ƙuliƙuli, ƙwai, ko ya ƙara wake a kan shinkafar, da ya fi ganin amfaninsa. A raba furotin ɗin kashi uku ko huɗu a yini ya fi a tara shi a tsire ɗaya na dare.

Akwai masu gajen haƙurin da kan koma ga ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu maganin dexamethasone ne ko maganin buɗe ciki. Kumburin da dexamethasone ke kawowa ruwa ne da kitse a fuska da ciki. Shan sa na dogon lokaci yana cinye tsokar cinya da kafaɗa, yana raunana ƙashi, yana ta da sukarin jini da hawan jini, wato kishiyar duk abin da mai ɗaga ƙarfe ke nema.

Mai ciwon sukari kuwa lissafinsa daban ne da na kowa a wannan rahoto. In yana allurar insulin ko shan wasu daga cikin ƙwayoyin rage sukari, atisaye ciki ba komai na iya kayar da sukarinsa ƙasa ƙwarai, ya ji rawar jiki, gumi mai sanyi da duhun ido, wani lokacin ma sa'o'i bayan ya gama. Ɗaga ƙarfe yana da amfani sosai gare shi, don tsoka ce ke shanye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci, amma lokacin cinsa da lokacin maganinsa likitansa ne zai tsara masa, kuma kada ya je wurin atisaye babu dabino ko ƙwayar sukari a aljihu.